Rigar da Umma Ta Saƙa wa Injin Dogo

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau bakina cike yake, in ban amayar ba ko ruwa ba zai wuce min ba. Duk wadda ta taɓa zama a falo ɗaya da uwarta da ubanta da gwaggonta da mutumin da take so, ga kuma wani akwatin ƙarfe a gefe yana shirin kunyata su gaba ɗaya, ita kaɗai za ta san irin gumin da na haɗa ranar Asabar.

Waɗanda yau suka fara leƙowa, bari in warware muku zaren a taƙaice. Sana'ata zanen gidaje a kwamfuta. Magini zai kawo min takardar gini, ni kuma in tayar da gidan a sikirin tun ba a haƙa tushe ba, in yi masa bidiyo, mai gida ya ga kansa yana shiga falo yana hawa bene. Zanen ba ya ba ni wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da za a ce kwamfuta ta gasa hoton, ta sa masa haske da inuwa. Tsohuwar laftof ɗina, in na ɗora mata bidiyon minti uku, sai ta kwana biyu tana nishi kamar mai naƙuda, wani lokacin ma ta haifi rabi ta suma.

Neman maganin wannan ne ya kai ni shagon Dogo. Sunan ya bi jiki, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagonsa. Ya saurare ni har na gama ƙorafi, sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, ba sabuwar laftof kike buƙata ba. Ɗinkin mutum arba'in kika ɗora wa tela ɗaya. Ki nemi tela huɗu, a raba musu yadin, kowa ya kama nasa a lokaci guda."

Telolin nan su ne katunan hoto, wasu faffaɗan abubuwa masu nauyi kamar bulo, kowanne da fankokinsa. Ya ce zai haɗa min inji mai kati huɗu da sikirin shida: ɗaya na zane, ɗaya na bidiyo, ɗaya na saƙonnin masu gini, sauran kuma in baje gidan ta kowace fuska. Aikin kwana biyu ya koma awa huɗu.

To, na je tambayar kati, na dawo da lambar waya. Da farko "Mai Kwamfuta" na rubuta a kai. Bayan wata biyu ya koma "Dogo". Abin da ke rubuce yanzu kuwa, ku bar ni da kunyata.

Shekarata ashirin da takwas, kuma babu wanda ya fi Gwaggo, yayar Abba, riƙe wannan lissafi. Tana da nata ɗan takara, wani mai kemis ɗan ƙawarta, mutumin kirki ne ban ce ba, amma sau ɗaya da muka gaisa minti goma ya yi yana min bayanin tsutsar ciki. Abba ba ya dole. Sai dai shi tsohon mai gyaran wuta ne, shekara talatin da ɗoriya yana hawa tsani, kuma ba ya auna mutum da baki. Da na je masa da maganar Dogo, ina murza gefen mayafi, sai ya ce:

"Uwata, ni ban iya karanta fuska ba, aiki na iya karantawa. Ya haɗa injin nan a gidan nan, a gabana. Ranar da ya gama, a ɗora masa aikin awa huɗun da yake cika baki a kai. In ya kai ƙarshe bai ɗauke ba, ya turo manyansa. In ya ɗauke, to, zan ba Yaya dama ta kawo nata ya zo mu gaisa."

Kun ji inda aka ɗaure akuyar.

Asabar uku Dogo ya yi yana zuwa. A lungun falo aka kafa tebur, ƙofa a buɗe, Umma na kan kujerarta da kwandon zarenta, wai saƙa take, amma ko ƙusa ta faɗi sai ta ɗago. Ni ce mai riƙe tocila da miƙa sukuddireba. Ya shimfiɗa babban allon da komai ke hawa kansa, ya dasa katunan ɗaya bayan ɗaya, yana barin tazarar yatsa biyu tsakaninsu. Na ce me ya sa ba zai matse su ba a samu wuri.

"Ko 'yan uwa ciki ɗaya aka matse a ɗaki sai sun yi faɗa," in ji shi. "Waɗannan in suna aiki kowanne murhu ne. Fankoki uku na gaba su shaƙo iska, na baya da na sama su fitar. Duk hikimar injin nan numfashi ce."

Abba da kansa ya ja masa waya ta musamman tun daga mita, mai kauri, da makashinta daban, don ya ce ba zai yarda a haɗa wannan dodon da soket ɗin dutsen guga ba. Yana aikin yana satar kallon yadda Dogo ke ɗaure wayoyi a jere, kowace da alamarta. Na ga ya gyaɗa kai sau ɗaya. A wajen Abba wannan kirari ne.

Umma kuwa tun Asabar ta farko Dogo ya shiga ranta. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa har ƙasa duk tsawonsa, ya cinye abin da ta zuba masa tas ya kuma yaba. Da ya tafi ta ce min, "Yaron nan yana da tarbiyya. Ki bar ni da gwaggonki." Sai na ji kamar an sauke min dutse. Ban san ita ma tana shirya tata gudummawar ba.

Yanzu dole in gaya muku wani abu game da Umma. Ba ta iya ganin abu tsirara a gidanta ba. Talabijin na da riga. Rediyon Abba na da riga. Rimot na da 'yar rigarsa mai maɓalli ɗaya. Kwalin tishu, fulas ɗin shayi, keken ɗinki, kowa da tasa, duk saƙar hannunta da kwarashi. In ta ƙaunaci abu sai ta tufatar da shi. Ni kaina sai da na kai aji uku a sakandare kafin na ƙwaci kaina daga hular ulu.

Ranar gwaji na tashi da wuri. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu, na canza mayafi sau uku, na shafa turare kaɗan yadda ba za a ce na shafa ba. Ƙarfe tara da rabi Gwaggo ta iso, ba wanda ya gayyace ta, cikin leshi mai walƙiya da ɗaurin ɗankwali kamar zai taɓo silin, jakarta a hammata, wayarta a hannu.

"Na zo ganin ikon Allah," in ji ta, ta zauna a kujerar da ta fi kowace fuskantar teburin. "An ce akwati ne zai zaɓa mana suruki."

Goma saura kwata Dogo ya yi sallama, cikin farin yadi da guga har tana yanka. Ya gaida kowa, Gwaggo ta amsa da hanci. Muka juya wajen teburin gaba ɗaya, sai muka ga an lulluɓe injin da zanin gado. Umma na tsaye a gefensa, fuskarta kamar an kunna fitila.

"Kafin a fara," ta ce, "ina da 'yar tsaraba."

Ta yaye zanin.

Jama'a. Riga ce. Rigar ulu ruwan hoda da fari, mai kauri kamar bargon jariri, ta rufe injin daga sama har ƙasa, gaba da baya da gefe. A gaba, daidai inda fankoki uku ke shaƙar iska, ta saƙa manyan furanni huɗu.

"Kowane kati da furensa," in ji Umma. "Na ji kana cewa huɗu ne. Na yi mata shafi da yadi a ciki don ƙura, ko ƙwayar gari ba za ta shiga ba. Ga 'yar kafa a baya ta wayoyi. Maɓalli goma sha biyu ne, duk na ɗinke su da zare biyu. Sati uku ina yi a ɓoye, har idona ya fara ruwa."

Na kalli Dogo. Murmushinsa ya daskare. Na kalli Abba. Abba ya zuba wa kofin shayinsa ido kamar yau ya fara ganin shayi.

"Umma," na ce da 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, "ta yi kyau wallahi. Ko a ajiye ta sai an gama gwajin, kar ta yi datti?"

Da Gwaggo ta yi shiru, da wataƙila an wuce wurin. Amma ina.

"Ai gara a cire," ta ce tana taɓe baki. "Mutum ya shigo ya zaci jariri aka kwantar a tebur. Ke dai matar ƙanina, wata rana sai mun zo mun tarar kin saƙa wa tukunyar gas hula."

Fuskar Umma ta canza. Ta ɗora hannu a kan injin kamar mai kare ɗanta.

"Yaya, wanda aka yi dominsa bai ce ba ya so ba." Ta juya wajen Dogo. "Ko ba ka so, ɗana?"

Ɗana. Karo na farko ke nan da ta kira shi haka, kuma a gaban Gwaggo. Ku gaya min, wane ɗan halak ne zai ce a'a a wannan gaɓar?

"Ina so, Umma," in ji Dogo. "Allah ya saka da alheri. Ban taɓa ganin irinta ba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Ƙarfe goma daidai Abba ya dubi agogonsa ya ce bismillah. Dogo ya laluba ta ƙarƙashin fure na biyu ya danna maɓallin kunnawa. Sikirin shida suka kama a jere, biyu-biyu hawa uku, falo ya haske. Na ɗora aikin, bidiyon wata makaranta mai bene biyu. A sikirin na ƙasa ta hagu akwai lambobi huɗu, zafin jikin kowane kati. Tun Asabar ta biyu Dogo ya koya wa Abba karatunsu: saba'in lafiya lau, tamanin da biyar inji zai fara ja da baya, in aka haura casa'in zai kashe kansa don kar ya ƙone.

Arba'in da biyu. Hamsin. Hamsin da takwas.

Wayata ta yi motsi a cinyata. Dogo ne, yana zaune taku huɗu daga inda nake.

"Mun shiga uku."

Na rubuta: "Ka yi wani abu mana!"

"Me zan yi? Ta ce min ɗana."

"In ya ɗauke kuma mai kemis ne zai zama ɗanta."

Ya karanta, ya share goshi, ya miƙe. Ya je gaban injin ya tsuguna, ya ɗaga gefen rigar ta gaba har sama, wai yana duba saƙar.

"Umma, wannan ɗinkin na ciki da hannu kika yi? Kai, dubi yadda ya tafi a miƙe."

Ya riƙe ta a ɗage yana ta yabo. Ya yabi zaren, ya yabi shafin, ya tambayi inda ake sayar da irin kwarashin. Ina kallon lamba ta sauko daga sittin da tara zuwa sittin da shida. Umma ta ji daɗi har ta taso ta yi masa bayani, ta gama, sannan ta karɓe gefen daga hannunsa ta ja shi ƙasa ta lallaɓe da tafin hannu.

"Sake ta haka nan, kar ta saki jiki."

Saba'in da huɗu.

Na tashi na jawo fankar tsaye daga ɗakina, na kafa ta tana kallon injin, na ƙure ta. Ko minti ɗaya ba a yi ba Gwaggo ta miƙa ƙafa ta juyo da ita wajenta.

"'Yar nan ba ki da ta ido. Ga mutane na zufa kin ba ƙarfe iska."

Tamanin.

Daga nan injin ya fara kuka. Da ƙaramin gurnani ya fara, kamar mage a ƙarƙashin gado, sannan ya koma kamar jirgi na shirin tashi. Furannin nan huɗu suka manne ciki, suna ɗan rawa, fankoki na ja ba abin da ke shiga. Wani ɗumi mai warin ulu ya fara zagaya falon.

"Wai tashi zai yi da mu?" in ji Gwaggo. "Ku faɗa min in kama kujera."

"Ƙarfinsa ke nan," in ji Umma da alfahari. "Ba ki ji an ce tela huɗu ne a ciki ba?"

Abba bai ko juyo ba. Idonsa na kan lambobin, shayinsa ya huce a hannu, yatsansa ɗaya na bugun gefen kofin.

Na rubuta wa Dogo: "Ni zan faɗa mata."

"A'a. In ke kika faɗa, Gwaggo za ta ce kin kunyata uwarki saboda saurayi."

"To ka ce wuta ce ba ta da ƙarfi, a ɗaga zuwa gobe."

"Wayar da Abba ya ja da hannunsa zan ce ba ta da ƙarfi?"

Nan na ajiye wayar. Ta ko'ina rijiya ce. Tamanin da shida. Hoton makarantar da ke fitowa layi-layi da gudu ya koma tafiyar hawainiya. Na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

A tamanin da takwas Dogo ya miƙe. Bai je wajen injin ba. Gaban kujerar Umma ya je ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, kansa a sunkuye, amma duk da haka ya kusa kai tsawonta a zaune.

"Umma, ina neman afuwa. Na yi miki ƙarya ɗazu."

Kukan injin ya cika falon.

"Rigar ta yi kyau, wannan ba ƙarya ba ne. Amma injin nan ba ya son riga. Ta gaba yake shaƙar iska, ta baya ya fitar, kamar mutum. Yanzu haka an toshe masa hanci da baki. Kukan da kike ji ba ƙarfi ba ne, neman agaji yake. Tun da kika yaye zanin ya kamata in faɗa, kunya ta hana ni. Laifina ne, ba naki ba."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ahaf! Ka shigo gidan mutane ko sati huɗu ba ka yi ba, har ka fara gyara wa uwar gida aiki?"

Umma ba ta ko kalle ta ba. Ta daɗe tana duban Dogo. Na ga leɓenta ya ɗan motsa, na ce shi ke nan, sati uku na saƙa, idonta har ruwa, yau ga sakayya. Sai ta tashi a hankali ta je ta zura hannu ta 'yar kafar wayoyin nan ta baya. Da sauri ta fizge shi tana yarfewa.

"Innalillahi! Ashe bawan Allah dahuwa yake a ciki! Kai kuma ka zauna kana yaba min ɗinki?"

Ta kama maɓallai. To, na gaya muku goma sha biyu ne, kuma kafofinsu ta matse su sosai don kar ƙura ta samu hanya. Dogo ya kawo hannu zai taya ta, ta buge shi.

"Bari, za ka tsinke min. Ni na san kansu."

Ɗaya. Biyu. Casa'in. Tana ɓallewa tana yi wa injin magana, "Yi haƙuri, yi haƙuri, ga ni nan." Biyar. Shida. Casa'in da biyu. Ni ina tsaye na cusa gefen mayafi a baki. Tara. Goma.

A na sha ɗaya aka ji ɗif.

Sikirin shida suka yi baƙi lokaci guda. Kukan ya tsaya. Sai ƙarar fankar tsaye kawai, tana kaɗa ɗankwalin Gwaggo.

Abba ya dubi agogo. "Goma da rabi," ya ce.

Ban san sanda hawaye suka zubo min ba. Umma na tsaye da maɓalli na sha biyu a hannu. Dogo bai tashi daga durƙuson ba. Gwaggo kuwa har ta buɗe jaka ta ciro tabarau, tana neman lamba a waya.

"To, alƙawari dai kaya ne. Da bakinka ka faɗa, in ya ɗauke. Ga shi ya ɗauke har da salati. Bari in ce wa yaron ya shirya gobe da yamma."

"Yaya, ajiye wayar tukuna," in ji Abba. Ya dire kofin ya miƙe. "Kai, zo mu je waje."

Dogo ya bi shi kamar rago ya bi mahauci. Ko takalmi sai da ya sa na hagu a dama.

Ku yafe min, na san laɓe ba kyau. Amma tagar kicin ɗinmu tana kallon inda Abba ke ajiye babur, kuma nan suka tsaya. Na ce zan kai kofuna. Na shiga na maƙale a bango tsakanin tagar da firij.

Abba ya dafa babur ɗin. Sannan ya ce, "Tun da ta yaye zanin nan na san ka mutu. Har na fara tausayinka."

"Abba, a ƙara min dama ɗaya. In aka bar shi ya huce..."

"Injinka lafiyarsa ƙalau, na ga yadda ka ɗaure wayoyinka. Ba wannan nake magana ba. Minti nawa ka yi kafin ka faɗa mata?"

"Wajen rabin awa, Abba. Na san na yi jinkiri."

"Rabin awa." Abba ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa ji a bakinsa ba. "Ni shekara talatin da ɗaya ke nan ina neman bakin da zan faɗa."

Na toshe bakina da hannu.

"Talabijin biyu," in ji Abba, ya rage murya. "Na farkon da gumina na saya. Ta yi masa riga mai geza, a kunne a kashe ba a cirewa, sai dai a ɗage gaba. Wata bakwai ya yi. Na ce mata tsawa ce. Na biyun na ce kamfanin ne ba su da amana. Rikoda ɗaya. Na'urar daidaita wuta guda biyu, ni da nake gyara wa gari wuta! Duk sanda ta tafi unguwa sai in bi gida ina tuɓe su su sha iska, in na ji tsayuwar mota in mayar. Ka san wuyar maɓallan nan in kana sauri?"

"Yau na gani, Abba."

"Ranar da ta fara saƙa min, muna ɗaki ɗaya ne, ba mu da komai sai rediyo. Ta miƙo min rigarsa tana murna. Na ce ta yi kyau. To daga nan ƙofa ta rufe. Ƙaryar da ka yi da safe ka warware kafin azahar, tawa har ta yi jika." Ya numfasa. "Ka turo manyanka. Yaya ni zan ji da ita."

Na jingina da firij. Wallahi da na yi guɗa, Allah ya taimake ni na tuna laɓe nake.

"Amma da sharaɗi," in ji Abba.

"Ko mene ne, Abba."

"Firij. Ta yi masa mayafi tun daga sama har bayansa, wai ba ta son ganin baƙaƙen ƙarafan nan. Sau uku ina canza masa inji, ina cewa tsufa ne. Wannan na huɗun ma ya fara tari. Tunda bakinka ya buɗe, yanzu za mu koma, kai za ka faɗa mata. Ni zan tsaya a bayanka."

"A bayana, Abba?"

"Ai ka fi ni tsawo."

Na juyo a hankali in dubi firij ɗin da nake jingine da shi, cikin koren mayafinsa mai tuntaye, jikinsa da ɗumi kamar mai zazzaɓi. Sai idona ya sauka a bakin ƙofar kicin.

Umma ce tsaye. Rigar injin na ninke a hannunta. Ban san tun yaushe take wurin ba, amma da na ga yadda ta ɗage gira ɗaya, na san ba abin da ya wuce ta.

"Tsawa," ta ce a hankali. "Har sadaka na yi a kan tsawar nan."

"Umma..."

"Yi min shiru. Yaron ya yi min, wannan an gama, ki share hawayenki kar ki ɓata kwalli." Ta jawo 'yar kujerar tsuguno ta dasa a gaban firij, ta zauna, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗora hannu biyu a gwiwa. "Saura ubanki. In kika nuna musu na ji, ni da ke ne. So nake in ga wanda zai fara buɗe baki a cikinsu."

Daga tsakar gida muka ji takun mutum biyu, ɗaya na jan ƙafa. Sai muryar Dogo, siririya kamar ba daga wannan dogon jikin take fita ba:

"Salamu alaikum. Umma, wai Abba ne ya ce... wato ni ne nake da 'yar magana."

"Wa alaikumus salam," in ji Umma da fara'a. "Shigo, ɗana. Ka ce wa na bayanka ma ya shigo, ina hango hularsa."